Shirun Mai Ba da Labari da Rabuwar Kan Masu Karatu: Nazarin Martanin da Aka Mayar wa Littafin *Hammer's Slammers* na David Drake

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda masu karatu suka karɓi littafin *Hammer's Slammers*, wato tarin gajerun ƙagaggun labaran kimiyya masu jigon yaƙi, wanda David Drake ya wallafa a Amurka a shekarar 1979. Tun fitowar littafin kawunan masu karatu suka rabu a kansa. Wasu sun ɗauke shi a matsayin kirarin zubar da jini, wasu sun ɗauke shi a matsayin shaidar mutumin da yaƙi ya yi wa tabo, wasu kuwa tankokin yaƙi da makaman da ke cikinsa ne kawai suka ja hankalinsu. An ɗora nazarin a kan ra'in martanin mai karatu, musamman tunanin Wolfgang Iser da Hans Robert Jauss da Stanley Fish. Maƙalar ta gano cewa tushen saɓanin shi ne salon mai ba da labarin, wanda yake kawo aukuwar kisa ba tare da ya yanke wa kowa hukunci ba. Wannan shiru ya bar giɓi, kowane rukuni kuma ya cike shi da abin da ya zo da shi. An kuma nuna cewa zubin labaran yana goyon bayan wani karatun fiye da wani.

Fitilun Kalmomi: ƙagaggen labarin kimiyya, adabin yaƙi, martanin mai karatu, sojojin haya, salo

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggen labarin kimiyya nau'i ne na zube wanda ake gina shi a kan hasashen abin da kimiyya da fasaha za su iya haifarwa, kamar tafiya zuwa wasu duniyoyi ko ƙera na'urorin da ba a kai ga ƙera su ba tukuna. Daga cikin rassansa akwai wanda ya keɓanta da rayuwar soja, inda ake sanya runduna da makamai da fagen fama a wani zamani mai zuwa. Wannan reshe ya fi bunƙasa a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tun tasowarsa yake tare da wata tambaya da ba ta rabuwa da shi: shin marubucin da ya siffanta yaƙi dalla-dalla yana yabon yaƙin ne, ko kuwa yana gargaɗi a kansa?

Tambayar tana da nauyi, domin amsarta takan shafi mutuncin marubuci. Idan matarki ya yi kuskure a nan, zai iya jingina wa mutum son zubar da jini alhali mutumin kuka yake yi. Idan kuma ya yi kuskure ta ɗaya ɓangaren, zai iya wanke littafin da ke ƙawata ta'asa don kawai marubucinsa ya taɓa shan wahala. Littafin *Hammer's Slammers* ya dace da wannan nazari saboda an yi masa kusan kowane irin karatu, kuma an san tarihin marubucinsa da yanayin da ya fito a ciki. Sunan littafin laƙabi ne na rundunar sojojin haya da ke ƙarƙashin wani kanar mai suna Alois Hammer.

Maƙalar ta dogara da matanin littafin, da bayanan da marubucin ya yi a kan aikinsa, da kuma sharhin da aka buga game da shi. Manufarta ita ce ta bayyana dalilin da ya sa matani guda ya haifar da karatu masu karo da juna, sannan ta auna kowane karatu da abin da ke cikin labaran.

2.0 Ra'in Bincike

Ra'in martanin mai karatu yana ganin cewa ma'anar adabi ba ta kammala a kan takarda, sai an haɗa da abin da mai karatu ya aikata a lokacin da yake karantawa. Louise Rosenblatt ta fara share wannan fage tun a shekarar 1938 a littafinta *Literature as Exploration*, amma ra'in ya yi ƙarfi ne daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970. Tunani uku daga cikinsa ne za su yi wa wannan maƙala jagora.

Na farko shi ne na Hans Robert Jauss na Jami'ar Konstanz a Jamus, wanda ya nuna cewa kowane mai karatu yana tunkarar littafi da wani tsammani da ya gada daga littattafan da ya riga ya karanta da kuma zamanin da yake ciki. Sabon littafi yana iya cika wannan tsammani, yana kuma iya saɓa masa. Na biyu shi ne na Wolfgang Iser, abokin aikinsa a jami'ar, wanda ya bayyana cewa matani yana barin giɓi a wurare da dama, mai karatu ne ke cike su don labarin ya haɗu a zuciyarsa. Na uku shi ne na Stanley Fish na Amurka, wanda a littafinsa na shekarar 1980 ya yi bayanin cewa mutane ba sa karatu a ɗaiɗaikunsu, suna yin sa ne a matsayin 'yan wani rukuni da ya yi tarayya a hanyar fassara.

Akwai saɓani tsakanin Iser da Fish a kan iyakar 'yancin mai karatu. Iser yana ganin matani yana da shinge, wato akwai abin da ya yarda da shi, akwai wanda bai yarda da shi ba. Fish kuwa yana ganin rukunin masu fassara ne ke kafa shingen. Wannan maƙala ta bi Fish wajen rarraba masu karatu, ta kuma bi Iser wajen auna karatunsu.

3.0 Marubucin da Littafinsa

3.1 David Drake

An haifi David Drake a garin Dubuque na jihar Iowa a shekarar 1945, ya rasu a watan Disambar 2023 a jihar Karolina ta Arewa. Ya karanci tarihi da harshen Latin a Jami'ar Iowa, sannan ya shiga karatun lauya a Jami'ar Duke. Yana tsakiyar wannan karatu aka kira shi aikin soja na dole. A shekarar 1970 ya yi aiki a Biyetnam da Kambodiya tare da runduna ta 11 ta motocin sulke, wadda ake yi wa laƙabi da Baƙin Doki, a matsayin mai yi wa waɗanda aka kama tambayoyi. Da ya dawo ya ƙarasa karatunsa, ya yi aikin lauyan hukuma a garin Chapel Hill har zuwa 1980, kafin daga baya ya duƙufa ga rubutu.

3.2 Zubin Littafin

Wasu daga cikin labaran sun fara fitowa ne a mujallar *Galaxy* a shekarun 1974 da 1975, lokacin da Jim Baen yake editanta. Bayan Baen ya koma maɗaba'ar Ace, sai aka tattara su tare da wasu sababbi aka buga a 1979. Bugun farko yana ɗauke da labarai bakwai, an kuma saka gajerun bayanai a tsakaninsu waɗanda ke fayyace yadda duniyar labarin take: yadda aka ƙera tankokin, yadda bindigogin ke aiki, tsarin rundunar, da hukumar da ke riƙe kuɗin kwangila don kada mai haya ko wanda aka yi hayarsa ya ci amana. Tankokin suna tafiya ne a kan matsattsiyar iska maimakon sarƙa, nauyin kowace ya kai tan 170, kuma bindigoginsu wuta mai tsananin zafi suke harbawa a madadin harsashi.

Labaran sun bi rundunar daga kafuwarta zuwa ƙarshen yawonta. A labarin farko, gwamnatin wata duniya mai suna Friesland ta tara baƙi ta kafa runduna don murƙushe tawaye, bayan an gama aikin kuma sai ta nemi ta rabu da su ta mummunar hanya, abin da ya sa Hammer ya fice da mutanensa suka zama sojojin haya. Labarin "Under the Hammer" ya bi wani sabon shiga mai suna Rob Jenne a ranarsa ta farko, inda ya tsinci kansa cikin kisa tun kafin ya san sunayen abokan aikinsa da kyau. A "The Butcher's Bill", sojojin sun ci yaƙin da aka yi hayarsu dominsa, amma a wajen cin nasarar sun ruguza wani tsohon gini mai tsarki da ba shi da madadi, waɗanda suka ɗauko su kuma suka kaɗu da abin da kuɗinsu ya saya. A "Cultural Conflict", rashin fahimtar juna tsakanin wata ƙaramar tawagar sojoji da halittun da suka tarar a wani wuri ya ƙare da kisan kiyashi. A "Caught in the Crossfire", wata mata mai suna Margritte ta rasa mijinta a hannun sojojin haya, daga ƙarshe ita ma ta shiga aikin. A labarin ƙarshe, Hammer ya koma Friesland ya karɓe mulki da ƙarfin bindiga.

Abin da ya haɗa labaran shi ne muryar da ke ba da su. Jimlolin gajeru ne, siffantawar a bushe take, kuma ana ambaton ƙonewar mutum da irin lafazin da ake ambaton lalacewar inji. Mai ba da labarin ba ya tsayawa ya ce wannan zalunci ne, ba ya kuma cewa wannan jarumta ce.

4.0 Tsammanin Masu Karatu a 1979

Ba za a fahimci martanin da aka mayar wa littafin ba sai an dubi halin da Amurka take ciki. Yaƙin Biyetnam ya ci rayukan sojojinta fiye da 58,000, an sanya hannu a kan yarjejeniyar Faris a Janairun 1973, birnin Saigon kuma ya faɗi a ranar 30 ga Afrilun 1975. Labarin kisan fararen hula a ƙauyen My Lai, wanda ya fito fili a 1969, ya sa mutane da yawa suna kallon sojan da ya dawo da idon zargi. Sai a 1980 ne likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar suka sanya ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali a cikin kundinsu na cututtuka. Ke nan littafin ya fito a lokacin da ba a ma gama raɗa wa ciwon tsofaffin sojoji suna ba.

Su kansu marubutan wannan fanni a rabe suke. A watan Yunin 1968 mujallar *Galaxy* ta buga sanarwa biyu a shafuka masu fuskantar juna: marubuta 72 sun sa hannu suna goyon bayan ci gaba da zaman Amurka a Biyetnam, 82 kuma suna adawa. Robert Heinlein da Jerry Pournelle suna cikin rukunin farko, Isaac Asimov da Ursula Le Guin suna cikin na biyu.

Littattafai biyu ne suka fi tsara tsammanin mai karatu. Na farko shi ne *Starship Troopers* na Heinlein, na shekarar 1959, wanda tauraronsa ke ba da labari da bakinsa, kuma aka cika shi da darussan aji masu kare aikin soja a matsayin ginshiƙin zama ɗan ƙasa. Na biyu shi ne *The Forever War* na Joe Haldeman, na shekarar 1974. Haldeman tsohon sojan Biyetnam ne da aka ji wa rauni, kuma tauraronsa yana bayyana gajiyarsa da ƙyamarsa ga yaƙin a sarari. Duk da saɓaninsu, littattafan biyu sun yi tarayya a abu guda: kowannensu yana nuna wa mai karatu inda zai tsaya. Mai karatun 1979 ya saba da a tambayi littafin yaƙi ɓangarensa, ya kuma ba da amsa. Littafin Drake ya ƙi amsawa.

5.0 Rukunonin Masu Karatu

5.1 Masu Ganin Kirarin Zubar da Jini Ne

Rukuni na farko ya ƙunshi matarka da masu sharhi da dama, musamman waɗanda suka taso cikin adawa da yaƙin Biyetnam. A wurinsu, wanda ya siffanta ta'asa bai la'ance ta ba ya yarda da ita. Sun lura cewa sojojin hayar ne taurarin labaran, su ne ƙwararru, su ne ke cin nasara, fararen hula da 'yan siyasa kuwa sukan fito a matsayin raunana ko munafukai. Daga nan suka yanke cewa littafin yana sayar wa matasa daɗin kallon kisa ne.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Charles Platt, marubuci kuma mai sharhi ɗan asalin Ingila, wanda ya rubuta cewa da Drake ya taɓa ganin yaƙi da idonsa da bai yi irin wannan rubutu ba. Hasashen ya saɓa wa gaskiya, domin daga fagen fama labaran suka fito. Drake ya rama ta hanyar raɗa wa miyagun taurari da wawaye sunan Platt a littattafansa na baya. Abin lura a nan shi ne tushen kuskuren. Platt ya zo da tsammanin cewa wanda ya ga yaƙi zai yi magana da kuka ko da fushi, don haka da ya ji murya a sanyaye sai ya ɗauka ta ɗan kallo ce.

Sai dai wannan rukuni ba shi kaɗai ya ɓatar da kansa ba. Abubuwan da suka kewaye matanin sun taimaka. Jerry Pournelle, wanda aka sani da ra'ayin riƙau da kuma nasa labaran sojojin haya, shi ya rubuta gabatarwar littafin, inda ya yi magana a kan sojojin haya da kyawawan ɗabi'un soja. Bangon littafin tankar yaƙi ya nuna. Daga baya kuma Baen ya kafa maɗaba'arsa a 1983, wadda ta yi suna wajen buga irin waɗannan labarai. Mai karatu ya gamu da duk waɗannan kafin ya kai ga jimlar farko ta Drake.

5.2 Masu Ganin Shaida Ce

Rukuni na biyu ya fi ƙunsar tsofaffin sojoji da waɗanda suka zauna da su. Su a wurinsu busasshiyar muryar ita ce alamar gaskiyar labaran. Sun san cewa mutumin da ke cikin tashin hankali yakan kashe wani sashe na zuciyarsa don ya iya ci gaba da aiki, kuma idan ya dawo yakan ba da labarin abin da ya fi muni da lafazin da ya fi sanyi. Hausawa kan ce ciwon da ke cikin ƙashi, mai shi kaɗai ya san zafinsa. Inda rukunin farko ya ji rashin tausayi, wannan rukuni ya ji mutumin da bai iya kuka ba tukuna.

Bayanan marubucin sun ƙarfafa wannan karatu. Drake ya sha faɗin cewa rubuta labaran wata hanya ce ta jinyar kansa bayan dawowarsa, ko da yake bai gane haka a lokacin ba. Ya kuma nuna cewa sai bayan ya rubuta littafin *Redliners* a 1996, wanda ke magana a kan sojojin da yaƙi ya lalata har ba a amince a mayar da su cikin jama'a ba, sannan ya ji wani nauyi ya sauka daga kansa. Yayin da aka sake tattara dukkan labaran rundunar a juzu'i uku daga shekarar 2006, Gene Wolfe ne ya gabatar da juzu'in farko, shi kuwa tsohon sojan yaƙin Koriya ne da ake girmamawa a fagen adabi. Sauyin mai gabatarwa daga Pournelle zuwa Wolfe yana nuna yadda matsayin littafin ya motsa a cikin shekaru kusan talatin.

5.3 Masu Sha'awar Kayan Yaƙi

Akwai rukuni na uku da matarka ba su cika kulawa da shi ba, alhali yana da yawa. Waɗannan su ne masu karatun da tankoki da bindigogi da dabarun kai hari suka fi burge su. Gajerun bayanan da ke tsakanin labaran su ne abincinsu. Shaidar wanzuwarsu a bayyane take: kamfanin Mayfair Games ya fitar da wasan allo mai sunan littafin a 1984, daga baya aka ƙera 'yan ƙananan tankoki na wasa, sannan kamfanin Mongoose ya fitar da wani littafin wasa a kan duniyar labarin a 2009. A cikin wasa, abin da ya rage daga labarin shi ne nisan harbi da kaurin sulke. Matar da aka kashe wa miji da ginin da aka ruguza ba su da gurbi a kan allo.

Wannan rukuni bai cike giɓin da yabo ko zargi ba, tsallake shi ya yi. Wanzuwarsa ce kuma take bai wa rukunin farko hujja mafi ƙarfi, domin ko da marubucin bai yi nufin ƙawata yaƙi ba, an samu waɗanda suka karanta shi a haka, kuma matanin ya ba su abin da za su riƙe.

6.0 Abin da Matanin Ya Yarda da Shi

Idan aka tsaya a kan ra'ayin Fish, za a ce kowane rukuni ya yi daidai a cikin da'irarsa. Amma idan aka koma ga Iser, wajibi ne a tambayi matanin ko yana da abin cewa. Amsar ita ce mai ba da labarin ya yi shiru, amma zubin labaran bai yi shiru ba.

Da farko, a dubi inda labaran ke ƙarewa. Labarin kirari yakan ƙare a kan nasara da ganima. Labaran Drake sukan wuce nasarar su tsaya a kan abin da ta ci: kango, gawa, ko mutumin da ya rasa wani abu a cikin kansa. Sunan "The Butcher's Bill" ma yana nufin lissafin da mahauci ke miƙawa, wato adadin rayukan da aka biya. Na biyu, a dubi taurarin. Joachim Steuben, na hannun daman Hammer, mutum ne mai tsafta da ado wanda kisa ke yi wa daɗi, kuma labaran ba su ɓoye cewa rundunar tana buƙatar irinsa ba. Danny Pritchard kuwa, wanda ya fi kowa lamiri a cikinsu, ana ganin yadda aikin ke cin sa daga labari zuwa labari, musamman a "Hangman". Marubucin da ke son tallata aikin soja ba zai sanya waɗannan biyu a gaba ba. Na uku, a dubi ƙarshen littafin, inda rundunar da aka kafa don ta yi wa gwamnati hidima ta dawo ta hau kan gwamnatin.

Waɗannan hujjoji sun nuna cewa karatun rukuni na biyu ya fi kusa da matanin. Duk da haka, akwai abin da ya saura daga ƙorafin rukuni na farko. Labaran suna kallon duniya ne ta cikin tanka. Mai karatu yana zaune tare da masu harbi, ba safai yake zama tare da waɗanda ake harbi ba, kuma ƙwarewar sojojin tana da wani kwarjini da ke jan zuciya. Haka nan, zargin da labaran ke yi ya fi sauka a kan farar hular da ya yi hayar soja ba tare da ya san abin da ya saya ba, fiye da sojan da ya ja kunama. Ana iya karɓar wannan a matsayin gargaɗi ga masu tura 'ya'yan wasu yaƙi, ana kuma iya ganin sa a matsayin sassauci ga mai aikata ta'asa. A wannan gaɓa matanin bai rufe ƙofa ba, kuma tarihin marubucin ba zai rufe ta a madadinsa ba. Kasancewar Drake ya je Biyetnam ya rushe hasashen Platt game da mutumin, amma bai amsa tambayar abin da littafin ke yi wa wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba.

7.0 Abin da Manazarcin Adabin Hausa Zai Ɗauka

Ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne ga zuben Hausa, domin tun a 1969 Umaru Dembo ya wallafa *Tauraruwa Mai Wutsiya*. Labarin yaƙi ma ya daɗe, tun daga *Ganɗoki* na Muhammadu Bello Kagara a 1934, inda tauraron ke ba da labarin gwagwarmayarsa da bakinsa cikin alfahari, mai karatu kuma bai taɓa shakkar ɓangaren da ake so ya tsaya ba. Wanda ya taso da irin wannan tsammani, idan ya gamu da murya irin ta Drake, zai iya faɗawa cikin kuskuren da Platt ya faɗa.

Tambayar ko siffanta abu daidai yake da yarda da shi ta taɓa tasowa a nan gida. Muhawarar da aka yi a shekarun 1990 a kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, wadda Abdalla Uba Adamu da wasu suka shiga, ta taɓo wannan batu ta fuskar soyayya da tarbiyya. Darasin da misalin Drake ke bayarwa na hanyar aiki ne. Manazarci ya tattara martanin masu karatu a matsayin bayanai, ya gano tsammanin da kowane rukuni ya zo da shi, ya lura da rawar da bango da gabatarwa da sunan maɗaba'a suka taka, sannan ya koma ga zubin labarin ya ga wane karatu ne yake da madogara.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bibiyi martani iri uku da aka mayar wa littafin *Hammer's Slammers*, ta kuma nuna cewa dukkansu daga wuri guda suka taso, wato ƙin yanke hukunci da mai ba da labarin ya yi. Masu adawa da yaƙi sun ɗauki shirun a matsayin yarda, tsofaffin sojoji sun ɗauke shi a matsayin tabo, masu sha'awar makamai kuwa ba su ma ji shi ba. An ga cewa yanayin Amurka bayan Biyetnam, da littattafan Heinlein da Haldeman, da gabatarwar Pournelle, duk sun tsara abin da mai karatu ke jira kafin ya buɗe littafin. Da aka auna karatun uku da matanin, an tarar cewa ƙarshen labaran da halayen taurarinsu sun fi goyon bayan masu ganin shaida ce, ko da yake mazaunin da aka ajiye mai karatu a cikin tanka ya bar wa masu suka hujjar da ba a kawar ba. Ana ba da shawarar a gudanar da irin wannan nazari a kan rubuce-rubucen Hausa masu jigon rikici da tashin hankali, ta hanyar jin ta bakin waɗanda abin ya shafa da waɗanda labari kawai suka ji, a ga ko su ma kawunansu za su rabu a kan matani guda.